Kyamarorin manyan kantuna: ɓarayi suke nema ko marasa kuɗi?

Tambaya: Ƙanena da abokansa in sun shiga babban kantin zamani, mai gadi sai ya yi ta bin su, in sun zauna a tashe su, alhali ba su taɓa ɗaukar ko tsinke ba. Wa kyamarorin nan suke nema?

Amsa: 'Yar'uwa, babban kanti kamar kasuwa yake a ido, amma mallakar kamfani ne, kuma mai kashe kuɗi kamfanin yake so. Wanda ya zo shan iska, cunkoso ne a wurinsu.

Hotunan kyamara ɗakin sa ido suke zuwa. Ma'aikaci ɗaya ga allunan bidiyo barkatai, ba zai iya bin kowa ba, dole ya zaɓa. Da me zai zaɓa? Shekaru, sutura, launin fata, tafiya a ayari. Daga nan sai ya kira mai gadi ta oba-oba. Wani lokacin ma a rubuce dokar take: a 2005 kantin Bluewater na Ingila ya haramta riga mai hula da hular hana-sallah.

Na'urar gane fuska ba ta gyara wannan ba. Fuska take mayarwa lambobi, ta gwada da jerin waɗanda aka taɓa zarga. In hoton jerin ya dushe, ko haske bai isa ba, ko an sassauta ma'aunin kamanni, sai ta nuna wanda bai ji ba bai gani ba. Gwajin NIST, hukumar ma'auni da fasaha ta Amurka, a 2019 ya gano cewa manhajoji da yawa sun fi yin wannan kuskure a fuskokin baƙar fata da 'yan Asiya, ninki 10 zuwa 100. A Disamban 2023 FTC, hukumar kare masu saye ta Amurka, ta hana kantunan sayar da magani na Rite Aid amfani da na'urar shekara 5, bayan ta jawo zargin mutane da satar da ba su yi ba.

A titi ma ana korar masu zaman shan iska, ko ba kyamara: benci mai ƙarfe a tsakiya don kada a kwanta.

Ƙanenki kada ya tsaya musu a ƙofa, domin ƙin fita na iya zama laifin kutse. Ya tambayi dokar da aka ce ya karya, ya riƙe lokaci da wurin, ya rubuta wa shugabannin kantin da wuri, don sabon bidiyon kyamara kan shafe tsoho cikin 'yan makonni. A Tarayyar Turai, dokar kare bayanan mutane ta GDPR ta ba mutum damar neman bidiyon da ya fito a ciki, a amsa masa cikin wata 1.