Karen tsere ko karen gida: wanne ke mayar da jari?

Tambaya: Ina zaune a Ingila, na tara ɗan jari. Abokina ya ce mu kiwata karnukan tsere na greyhound, wai sun fi karnukan gida kuɗi. Haka ne?

Amsa: Alhaji, kafin ka duba farashi, duba tsawon lokacin da kuɗinka zai kwanta. Karya tana ɗaukar ciki kusan kwana 63, greyhound kan haifi 'ya'ya shida zuwa takwas. Kwikwiyon gida yana cika sati 8 za ka sayar, kuɗi ya dawo. Na tsere kuwa ba ya shiga fili a Ingila sai ya cika wata 15. Duk wannan lokacin kai ne da abinci, rigakafi, filin gudu da ladan mai horarwa, alhali ba ka san ko yana da gudu ba.

Nan asarar take. A haihuwa ɗaya ba duka ke kaiwa fili ba: wani gudunsa bai kai ba, wani ya karye a lanƙwasar filin horo. Wanda ya kai ɗin ma yakan yi ritaya yana shekara 4 ko 5, ga shi yana iya rayuwa har 12. Shi ya sa masu harkar suke haifar da fiye da abin da fili ke buƙata. Binciken da aka yi a jihar New South Wales ta Ostireliya a 2016 ya ƙiyasta an kashe karnukan tsere tsakanin 48,000 da 68,000 cikin shekara 12. Yanzu a Ingila sai mai kare ya ajiye kuɗin ritaya tun ranar rajista. Kuma yawancin karnukan da ke gudu a can daga Ayilan ake kawo su, wato za ka yi gogayya da gidajen da suka gāji sana'ar.

Kasuwar ma tsukewa take yi. Jihar Fulorida ta rufe filayenta a ƙarshen 2020, Amurka ta rage da fili biyu kacal a West Virginia, New Zealand ta sanar da haramta tseren a Disamba 2024. Sannan kuɗin gasar daga caca yake fitowa. Wannan kai da malaminka.

Karen gida ya fi, amma kada ka yi lissafi da farashin lokacin korona, ya sauko. Idan haihuwa ta kai uku a shekara dole ka nemi lasisin ƙaramar hukuma, sannan ko haihuwa nawa ce dole ka sa wa kowane kwikwiyo na'urar shaida a fata kafin sati 8, kuma tun 2020 doka ta hana sayarwa ta hannun dillali. Kennel Club, ƙungiyar rajistar karnuka ta Birtaniya, ba ta rajistar haihuwa fiye da huɗu ga karya ɗaya, to raba kuɗin sayenta da cinta gida huɗu. Ka ware kuɗin tiyatar haihuwa da na cutar parvo mai kashe kwikwiyo, domin ɗayansu kaɗai na iya cinye ribar haihuwar gaba ɗaya.