Me zan rubuta a shafina da ba a samu a na wasu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan sola a Kano, fanel da batir da inbata, kuma ina haɗa wa mutane a gidajensu, yau shekara shida ke nan. Bara na biya aka buɗe min shafin intanet. Bayanin kayan da ke ciki daga takardun kamfanoni na ɗebo shi, wani kuma na fassara da Google. Amma in na yi bincike, shafukan wasu ke fitowa, nawa babu labarinsa. Da na duba nasu sai na ga kusan magana ɗaya muke yi. Wani aboki ya ce in riƙa sauya kalmomi kawai. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa kasuwa albarka. Shawarar abokinka ta sauya kalmomi, ka ajiye ta gefe. In ka cire "inganci" ka sa "nagarta", bayanin dai na kamfani ne, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Ga abin da ke faruwa da shafinka. Idan Google ya tarar da rubutu iri ɗaya a wurare da yawa, yakan zaɓi guda ya nuna, galibi wanda ya fi daɗewa ko wanda aka fi sani, sauran ya tsallake su. Ba hukunta ka aka yi ba, ba a dai ga dalilin nuna ka ba ne. Tun 2011 kamfanin ya fito da tsarin da ya kira Panda don rage darajar shafukan kwafe da masu rubutu marar nauyi. A watan Agustan 2022 ya ƙara wani gyaran da ke fifita abin da aka rubuta don amfanin mutane, sannan a Disambar wannan shekarar ya sa gogewa cikin ma'aunin da masu tantance masa shafuka ke dubawa, wato ko marubucin ya taɓa abin da hannunsa. To kai shekara shida kana hawa kan rufin mutane. Wannan ce dukiyarka, kuma ita ce ka bari a shago ka ɗauko takardar kamfani ka liƙa.

Bari in nuna maka da misali. Takardar kamfani za ta ce: batir mai 200Ah, 12V, mai ƙarko, mai daɗewa. Duk mai sayar da batir a ƙasar nan haka ya rubuta. Amma wane magidanci ne ya taɓa shigowa shagonka ya tambaye ka haka? Abin da yake cewa shi ne, "Malam, in NEPA sun ɗauke da magariba, zai kai ni asuba?" Wannan tambayar ita ce kan rubutunka. Sai ka amsa masa yadda kake yi a shago: batirin nan yana ɗauke da wuta wat 2,400 na awa ɗaya, wato 200 sau 12, amma in batirin ruwa ne ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, don haka 1,200 ne naka. Fanka mai wat 70, ƙwai huɗu masu wat 10, da talabijin mai wat 60, sun tashi 170. Ka raba 1,200 da 170, za ka samu kusan awa bakwai, inbata kuma ta ci nata, a ce shida. Ba zai kai asuba ba sai an kashe talabijin da ƙwayayen. Wanda ya karanta wannan ya ƙaru ko bai sayi komai ba, kuma ranar da kuɗinsa ya cika ya san wanda zai nema.

Akwai kuma abin da takardar ba za ta taɓa faɗa ba, domin ba don Kano aka rubuta ta ba. Ƙarfin da ke jikin fanel an auna shi ne a zafin digiri 25. A bazara, lokacin da garin ke haura digiri 40, fuskar fanel ta fi haka zafi nesa ba kusa ba, wutar da yake bayarwa kuma tana raguwa, shi ya sa mutum ke ganin rana ƙwal amma caji bai kai yadda ya zata ba. Zafin nan kuma yana rage kwanan batirin ruwa, musamman in an cusa shi a ɗakin da ba iska. Da hunturu sai ƙura ta lulluɓe gilashin. Sau nawa kake ce wa kwastoma ya wanke shi? Da wane lokaci, da safe kafin ya yi zafi? Wa ka taɓa zuwa gidansa ka tarar ya zuba ruwan rijiya a batir maimakon ruwan batir, ko an jona dutsen guga a ƙaramar inbata? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan rubutu ne mai zaman kansa, ba sai ka ambaci sunan mai gidan ba.

Hanyar tara su mai sauƙi ce. Ka ajiye littafi a kan teburin shago, duk tambayar da aka yi maka ka rubuta ta da kalmomin mai ita. Ka koma cikin saƙonninka na WhatsApp, akwai wasu a kwance. In rubutu yana yi maka nauyi, ka ɗauki muryarka kana amsawa kamar kwastoma na gabanka, daga baya a mayar da ita rubutu. Ni na fi yarda da wannan hanyar, domin Hausar baki ba ta zuwa da ƙamshin fassara. Hausa ta shiga Google Translate tun 2013, an kuma samu ci gaba, amma har gobe mai karatu yakan gane jimlar da na'ura ta juya, kuma da ya gane sai amanarsa ta ragu.

Hoto ma haka. Hoton aikinka da ka ɗauka da waya, da wayoyin a jere da inbata a bango, ya fi hoton kamfani mai sheƙi wanda ke shafuka ɗari. Ka nemi izinin mai gida kafin ka sa.

Wani abu da 'yan kasuwa ke gudu, ni kuwa ina ganin shi ne ya fi komai jawo yarda: faɗin aibin kayanka. Ka rubuta cewa batirin lithium ya fi daɗewa kuma ba ya buƙatar a zuba masa ruwa, amma tsadarsa ba ta kowa ba ce. Ka rubuta wanda bai kamata ya sayi wannan ƙaramin haɗin ba, misali mai son tayar da babban firij da injin jan ruwa. Farashi kuma, tunda yana bin dala, ka sa ranar da ka rubuta shi.

Game da ChatGPT da ire-irensa, wato manhajojin da ke yi wa mutum rubutu, Google ya bayyana a 2023 cewa ingancin rubutu yake dubawa, ba wanda ya samar da shi ba, amma a watan Maris na 2024 ya tsaurara kan masu zuba shafuka barkatai don kawai su fito a bincike. Ka yi amfani da su wajen tsara abin da ka riga ka faɗa, ka kuma duba lissafin da kanka. Abokin gasarka zai iya tambayarsu abin da ka tambaya, ya samu amsar da ka samu.

Ka yi rajistar shafin da Google Search Console, kyauta ne. Zai nuna maka kalmomin da mutane suka rubuta kafin su gan ka. A nan za ka lura cewa da yawa suna cakuɗa Hausa da Turanci, kuma ba sa sa ƙ da ɗ da ɓ. Ka riƙe daidaitacciyar Hausa a rubutunka, amma ka kira kaya da sunan da ake kiransu a kasuwa. Rubutu ɗaya a mako ya isa, kuma sakamakon yakan ɗauki watanni kafin ya bayyana. Na wannan makon ka fara da tambayar asubar nan, da lissafinta, da hoton batirin da ke shagonka.