Me Dokar 1964 Ta Tsinana wa Baƙaƙen Fatar Amurka?

Tambaya: Malam, ina yawan jin ana yabon dokar da Amurka ta kafa a 1964 don hana wariyar launin fata. Amma ga shi har gobe 'yan sanda suna kashe baƙar fata, kamar yadda aka yi wa George Floyd a 2020. To me dokar ta tsinana? Kuma ba tun bayan yaƙin basasarsu tsarin mulki ya ce kowa daidai yake ba?

Amsa: Malam, ka yi gaskiya a kan tsarin mulki. Gyara na 14 a 1868 ya ce doka za ta kare kowa daidai, na 15 a 1870 ya hana a tauye wa mutum ƙuri'a saboda launinsa. Sai dai duk a takarda abin ya tsaya. A 1875 ma majalisa ta yi dokar hana wariya a otal da jirgin ƙasa, Kotun Ƙoli ta soke ta a 1883, sannan a 1896 ta halatta raba jama'a muddin an ce wai kowa ya samu daidai da na ɗan'uwansa.

Ga misalin yadda rayuwa take. A 1957, shekarar da Ghana ta samu 'yanci, ministan kuɗinta Komla Gbedemah ya shiga wani gidan abinci a jihar Delaware ya nemi ruwan lemo, aka ce baƙar fata ba ya zama ya sha a ciki. Kunya ta sa Shugaba Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a fadarsa. Minista ke nan, baƙo daga wata ƙasa. Balle talakan ƙauyen Alabama, wanda babu mai ba shi haƙuri.

Abin da ya bambanta dokar da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 2 ga Yuli, 1964, shi ne ta zo da bulala. Da ƙyar ma ta wuce, don sanatocin jihohin Kudancin Amurka sun yi ta jan magana har kwana 60 na zaman majalisa kafin a rinjaye su. Ta haramta wariya a otal, gidan abinci da gidan silima. Ta hana wariya wajen ɗaukar aiki saboda launi, addini, jinsi ko asalin ƙasa, ta kafa hukumar karɓar ƙorafi. Amma a ganina sashe na 6 ne ƙashin bayanta: duk makaranta ko asibitin da ke karɓar kuɗin tarayya, in ya nuna wariya, a datse masa kuɗin. Kotu ta haramta raba makarantu tun 1954, amma bayan shekara goma, yaran baƙar fata na Kudu da ke aji ɗaya da Turawa ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Da aka taɓa aljihu sai ƙofofi suka buɗe. Haka asibitoci a 1966: da aka fara shirin biyan kuɗin maganin tsofaffi, dubbai suka cire allunan wariya cikin 'yan watanni don kada rabonsu ya wuce su.

Ƙuri'a kuwa sai da jini ya zuba. Ranar 7 ga Maris, 1965 'yan sanda suka far wa masu tattakin neman 'yancin ƙuri'a a gadar garin Selma a jihar Alabama, suka fasa wa John Lewis, ɗaya daga cikin jagororinsu, kai, duniya tana kallo a talabijin. Watan Agusta aka yi dokar zaɓe, wadda ta dakatar da jarrabawar karatu da ake fakewa da ita a hana baƙaƙe rajista. A Mississippi, masu rajista cikinsu sun tashi daga ƙasa da kashi 7 zuwa kusan 60 a 1967. Dokar hana wariya a haya da sayar da gida ta biyo baya a Afrilun 1968, mako guda bayan an kashe Martin Luther King.

Kuma ba baƙaƙe kaɗai suka amfana ba. A 2015 Kotun Ƙoli ta ba wata Musulma, Samantha Elauf, gaskiya a kan kamfanin tufafi da ya ƙi ɗaukarta aiki saboda mayafinta. Da dokar 1964 aka yi wannan shari'ar.

Batun 'yan sanda fa? Dokar ba ta taɓa su sosai ba, domin jihohi da birane ne ke riƙe da su. Wanda ya kashe Floyd, kotun jihar Minnesota ce ta ɗaure shi shekara 22 da rabi. Giɓin dukiya tsakanin fari da baƙi ma yana nan, don doka ba ta mayar wa kowa gidan da aka hana kakansa saya ba.

Ita ma bulalar tana lalacewa. A 2013 Kotun Ƙoli, da alƙalai 5 a kan 4, ta rushe ma'aunin da ke cikin dokar zaɓen 1965, wanda ke tilasta wa wasu jihohi neman izinin tarayya kafin su sauya dokar zaɓe. A ranar da aka yanke hukuncin, Texas ta sanar za ta fara aiki da dokar nuna katin shaida kafin jefa ƙuri'a, wadda a baya aka hana ta.