Manhajata tana mutuwa cikin dare ba ta barin bayani, ina zan duba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta wata manhaja da Python mai karɓar odar kwastomomi tana zubawa a rumbun bayanai. Tana kan sabar Ubuntu, nakan tashe ta da `nohup python3 oda.py > /dev/null 2>&1 &` in fita. Wani lokaci ta yi kwana uku lafiya lau, wani lokaci da safe in tarar ta mutu. Ina da fayil ɗin log da nake rubutawa da `logging`, amma ƙarshensa babu wani kuskure. Me ke kashe ta? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Manhajar taka tana faɗin abin da ya kashe ta, kai ne kake zubar da maganar da hannunka ba ka sani ba.

Kowace manhaja a Linux tana tashi da ƙofofi uku: 0 ta shigar da bayani, 1 ta fitar da sakamako, 2 ta kurakurai. Idan kuskuren da ba ka tare shi da `try` ba ya faru, Python na rubuta cikakken bayaninsa, har da lambar layin da abin ya auku, ta ƙofa ta 2, sannan ta fita. Wannan bayani ba ya bi ta cikin `logging`, domin `logging` abin da ka umarce shi kawai yake rubutawa. Umarnin da kake amfani da shi kuwa ya haɗa ƙofa ta 1 da ta 2 ya tura su `/dev/null`, wanda rami ne da duk abin da ya faɗa ciki ba ya dawowa. Mutane da yawa na kwafo wannan layi daga intanet don kada allo ya cika musu da rubutu.

Gyaran gaggawa shi ne ka maye gurbin abin da ke tsakanin `nohup` da alamar ƙarshe ta umarninka da `python3 -u oda.py >> oda.log 2>&1`. Ka kula da jerin: sunan fayil ya fara zuwa, `2>&1` ya biyo baya. In ka juya su, kurakuran ba za su shiga fayil ɗin ba. Amfanin `-u` kuma shi ne, idan Python ta ga fayil take rubutawa ba allo ba, takan tara abin da `print` ya fitar har ya kai wajen kilobait 8 kafin ta sauke. In aka kashe ta kwatsam, abin da ta tara ya tafi, kuma galibi layukan ƙarshen nan su ne waɗanda kake nema.

Amma shawarata ka bar `nohup` gaba ɗaya ka miƙa manhajar ga systemd, wato tsarin Linux da ke tashin manhajoji yana kuma sa musu ido. Dalili kuwa, akwai mutuwar da manhaja ba ta samun damar cewa uffan, sai wanda ke tsaye a waje ne zai ba da shaida. Ka ƙirƙiri `/etc/systemd/system/oda.service`:

```
[Service]
ExecStart=/usr/bin/python3 -u /opt/oda/oda.py
Restart=on-failure
RestartSec=5

[Install]
WantedBy=multi-user.target
```

Sai `systemctl daemon-reload`, sannan `systemctl enable --now oda`. Daga nan duk abin da ya fito ta ƙofa ta 1 da ta 2 yana shiga kundin journald, ma'ajiyar log ta systemd, tare da kwanan wata da lokaci, kana karantawa da `journalctl -u oda -n 100`.

Layin da ya fi muhimmanci shi ne mai cewa `Main process exited`. In ka ga `status=1`, kuskuren Python ne, bayaninsa na nan sama kaɗan. In ka ga `status=9/KILL`, wani ne ya kashe ta, kuma babu manhajar da ke iya tare sigina ta 9, wato umarnin kisa nan take, komai yawan `try` ɗin da ka zuba. Bisa yadda ka kwatanta, kwana uku lafiya sannan mutuwa, na fi zargin wannan: manhajar na cin RAM a hankali har ya ƙare, sai kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, ya zaɓi wadda ta fi ci ya kashe. Ka tabbatar da `journalctl -k | grep -i "out of memory"`. In kuwa `status=11/SEGV` ne, wani ɗakin karatu (library, tarin lambobin da manhajarka ke ara) da aka rubuta da C ne ya taɓa memorin da ba nasa ba. A nan ka sa `import faulthandler; faulthandler.enable()` a farkon manhajar, zai nuna maka layin Python da ake kai lokacin faɗuwar. Masu amfani da Docker lambobin nan suke gani a matsayin 137 da 139, wato 128 a haɗa da lambar siginar.

Abu ɗaya da ke ruɗa mutane: in kana amfani da `threading` don raba aikin manhaja zuwa zaruruwa masu tafiya tare, zare ɗaya na iya mutuwa manhajar ta ci gaba da zama a raye, systemd na nuna kore, aiki kuma ya tsaya cak. Tun daga Python 3.8 akwai `threading.excepthook` da za ka sa ya rubuta kuskuren ya kuma rufe manhajar gaba ɗaya, don systemd ya sake tashin ta.

Tambaya: Malam, namu a ofis yake, duk lokacin da aka ɗauke wuta kwamfutar ta sake tashi, sai `journalctl` ya nuna na yau kawai. Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Kundin naku a RAM yake zaune, cikin `/run/log/journal`. Ku sa `Storage=persistent` a `/etc/systemd/journald.conf`, ku sake tashin `systemd-journald`, zai koma `/var/log/journal` a kan faifai. Daga nan `journalctl -b -1` zai nuna abin da ya faru kafin ɗaukewar wutar. Ku sani kuma journald na tabbatar da saƙonnin mataki 0 zuwa 2, wato mafi tsanani, a kan faifai nan take, sauran kuwa yakan jira har minti 5, don haka kuskure mai kisa ku rubuta shi da matakin `crit`. Ku ƙara `SystemMaxUse=500M` kada kundin ya cinye faifan.

Tambaya: A Windows fa?

Amsa: Ka buɗe Event Viewer. A sashen System, lamba 7031 ko 7034 na nufin sabis, wato manhaja mai aiki a bayan fage, ya mutu ba zato, 41 kuma kwamfutar ce ta mutu ba a rufe ta yadda ya kamata ba. A sashen Application ka nemi 1000 a daidai wannan lokaci, ita ke ba da sunan fayil ɗin da ya jawo faɗuwar. In manhajar .NET ce, cikakken bayanin yana ƙarƙashin 1026.