Bel na hannu ko na kamfani?

Malam, ka tambaya ko bel ɗin dukawa ya cancanci kuɗinsa. Ya cancanta mana. Duba bakin bel ɗin: na kamfani mai araha galibi garin fata ne aka manne da gam, aka rufe da leda, shi ya sa yake ɓarewa daidai ramin da kake ɗaurawa. Na baduku kuwa ƙirgin shanu ne falle ɗaya, jimar bagaruwa, yana daɗewa yana ƙara duhu da laushi. Amma ka lura, akwai masu ha'incin ɗinki.

In koyo kake so, fara da wuƙa, basilla da zare mai kakin zuma. Fatar akuya ta yi laushi da yawa ga bel, sai dai a yi shafin ciki da ita. Ka leƙa cibiyar fata ta NILEST da ke Samaru, Zariya.