Gidan haya a Manchesta: kafin a tayar da boilar da ta kwana shekara biyu

Wata Hajiya mai shagon kayan abinci a Manchesta, ƙasar Ingila, ta aiko da wannan tambaya: "Malam, ina da gida a saman shagona. Shekara biyu ke nan ba kowa a ciki, kuma tun da ɗan hayan ya tashi ba a sake kunna boilar da ke ɗumama gidan ba. Yanzu wasu ma'aurata suna son shiga farkon Nuwamba. Ƙanin maigidana ya ce zai kunna mini, ba sai na kashe ko kwabo ba. Wani mai gyara kuma da na yi wa bayani ta waya ya ce a cire a sa sabuwa kawai. Kuɗina duk suna cikin kaya. Wanne zan bi?"

Hajiya, in ni ne ba zan bi ko ɗaya daga cikin biyun ba, aƙalla ba yanzu ba.

Mu fara da ƙanin maigida, Allah ya saka masa da kyakkyawar niyya. Kuɗin da yake son rage miki, dole ki kashe su ko ya kunna ko bai kunna ba. Dokar gas ta 1998 ta wajabta wa duk mai ba da haya ya kawo injiniya mai rajista ya duba kayan gas duk wata 12, kuma a miƙa wa sabon ɗan haya takardar kafin ya shiga. Rajistar ita ce Gas Safe, wadda ta gaji CORGI a 2009. Tunda sai injiniyan ya zo ko ta yaya, gara ya zama shi ne farkon wanda zai taɓa injin. In ya iso ki karɓi katinsa ki juya baya, a nan aka jera irin aikin da aka yarje masa. Ba kowane mai katin ne aka amince wa aikin boila ba.

Abin da ya fi damuna shi ne inda gidan yake. Shagonki ne a ƙasa. In an bar ruwa a cikin bututu har sanyi biyu ba ɗumi, mai yiwuwa ya daskare ya tsaga wani wuri a ƙarƙashin dabe, kuma ba za a gane ba sai ranar da aka sake cika ruwan da ƙarfi. Ranar nan yoyon ba kan kowa zai sauka ba sai kan buhunan shinkafa da garin da jarinki yake ciki. Don haka ranar da za a cika, a janye kaya daga ƙarƙashin inda bututun ya bi, ko a lulluɓe da leda. A cika a hankali har allurar gejin da ke nuna ƙarfin ruwa a jikin boilar ta tsaya tsakanin 1 da 1.5, a bar shi ya kwana. In gari ya waye allurar ta faɗi, akwai inda yake zuba.

Kafin duk wannan ki kira kamfanin inshorarki. Yawancinsu suna rage abin da suke ɗauka in gida ya wuce kwana 30 ko 60 ba kowa, kuma ɓarnar ruwa na cikin abin da suke fara zarewa. Gara ki ji matsayinki yau, kada sai silin ya rufto.

Sauran cututtukan injin da ya daɗe a kwance sanannu ne. Famfon da ke zagaya da ruwa yakan cije. Bawul ɗin jikin radiyeta, wato ƙarfen jikin bango da ruwan zafi ke bi ya ɗumama ɗaki, yakan maƙale a rufe. Iska takan taru a sama, sai a kwance da ɗan makulli ta fita. Baƙar laka ta tsatsa kuma takan kwanta a ƙasa, shi ya sa za ki taɓa radiyeta ki ji sama da zafi ƙasa da sanyi. Duk waɗannan gyara ne, ba su kai a yar da boila ba.

Wannan ya kawo mu kan mai gyaran waya. Wanda bai ga mara lafiya ba ya rubuta masa tiyata, ai sai a yi hattara. Mai yiwuwa gaskiyarsa ce, amma sai an buɗe an gani. Tambayoyi uku za ki yi: shekarar injin nawa, ana samun kayan gyaransa har yanzu, kuma me ya lalace takamaimai? Boila takan yi shekara 10 zuwa 15. In taki ta haura haka kuma babban ɓangarenta ya tafi, zuba kuɗi a gyara asara ce. In ba ta kai ba, a yi mata sabis, a wanke bututu, a zuba maganin hana tsatsa. Ko da sabuwa za a sa, wankin nan ba makawa, domin kamfanoni da yawa ba sa karɓar garanti in an ɗora sabon inji kan bututu mai datti. Ki nemi farashi a rubuce daga mutum biyu ko uku, kowa ya zo ya gani da idonsa.

Akwai abubuwa biyu da ba a ciniki a kansu. Na farko ƙararrawar kabon monoksaid a ɗakin da boilar take, wadda ta zama dole a gidajen haya na Ingila tun 1 ga Oktoba 2022. Iskar nan ita ce ke kashe mutane a gida idan aka kwana da janareta ko garwashi a ɗaki rufe lokacin hunturu, ba ta da wari ba ta da launi. Cikin shekara biyu tsuntsu ma zai iya yin sheƙa a bututun hayaƙi, ya toshe wa iskar hanyar fita. Na biyu ruwan da ya daɗe tsaye a tanki da shawa, inda ƙwayar cutar lijiyonela ke yaɗuwa tsakanin digiri 20 da 45. A zubar da tsohon ruwan, a wanke kan shawa, in akwai tankin ruwan zafi a kai shi digiri 60.

Sai maganar inda kuɗin zai fito. Kada ki taɓa kuɗin ajiyar da 'yan haya za su bayar, amana ce, kuma doka ta ce a shigar da shi cikin tsarin kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Kada kuma ki karya farashin kaya don neman kuɗi cikin gaggawa. Ki ɗan riƙa warewa daga cinikin mako tun yanzu, ki adana kowane rasit, domin kuɗin sabis da takardar gas ana cire su daga kuɗin haya kafin a lissafa haraji. Ki duba mita ma. In mai kati ce, kuɗin da kamfani ke caja kullum don haɗin layi kawai yana ta taruwa duk da ba a kunna komai ba, kuma shi za a fara cirewa in kin sa kuɗi.

Game da ranar shiga, kada ki sa hannu kan farkon Nuwamba sai injin ya yi mako guda yana aiki ba tangarɗa. Da zarar sun shiga, ɗumama da ruwan zafi sun hau wuyanki a ƙarƙashin dokar haya ta 1985, kuma daga Oktoba injiniyoyi sukan yi wuyar samu. Ki kira a wannan makon, tun ba a fara layi ba.