Kwashe bidiyon kyamarar HD zuwa kwamfutar gida

Malam, ka ce ka ɗauki bikin ƙanwarka a Argungu, ka jona kyamara da kwamfuta ta wayar HDMI, amma shiru. Ai ramin HDMI na kwamfuta fitar da hoto yake yi, ba ya karɓa. Ciro memorin ka sa a abin karanta kati, ko ka jona ta USB, ka kwafe komai gaba ɗaya.

Ka tanadi wuri dai, don awa 1 ta bidiyo mai ingancin 1080p a tsarin AVCHD, wanda kyamarorin HD da yawa ke ajiye bidiyo da shi, takan ci har giga 11. In bidiyon na sarƙewa, gwada manhajar kallon bidiyo ta VLC. In ya ƙi, manhajar sauya tsarin bidiyo ta HandBrake za ta mayar maka da shi MP4 a 720p, wanda ya fi sauƙin nauyi. Aikin na dumama kwamfuta, ga zafin Kebbi, kada ka ajiye ta kan katifa. Memorin kuwa, kada ka goge sai ka kalli kwafin har ƙarshe.